Yadda Ake Noman Tafarnuwa a Fadama, Daga Zaɓen Iri Har Ɗinke Buhu

Duk wanda ya taɓa kwana a bakin gulbin Rima cikin watan Disamba ya san irin sanyin da nake nufi: wanda yake sa faso a dunduniya, ya busar da leɓe, ya hana mutum rabuwa da bargo sai hantsi ya dubi ludayi. To, wannan sanyin da muke gudu shi ne abincin tafarnuwa. Da shi take yin ganye, a cikinsa take tara ƙarfin da za ta ɗaura kai idan zafi ya fara leƙowa. Wanda ya kama hunturu tun daga farkonsa ya gama rabin aiki. Wanda ya bari ya yi nisa, ko buhu nawa na taki ya zuba, kawunan da zai tono ba za su wuce girman ƙwallon goruba ba, wasu ma ko rabuwa ba za su yi ba. Shi ya sa duk abin da zan faɗa a nan, ka riƙa auna shi da kwanan wata.

A ƙasar Sakkwato, fadamun Wurno da Goronyo sun daɗe da yin suna a noman tafarnuwa da albasa. Ana yin ta a Kano wajen Kura da Kadawa, inda ruwan dam ɗin Tiga yake kaiwa, ana yi a Kebbi da Jigawa, haka nan a lambunan duwatsun Ayar da ke jihar Agadas a Nijar. Ƙasa ta bambanta, ruwa ya bambanta, amma lokacin kusan ɗaya ne: shuka a ƙarshen kaka, tono a bakin bazara. Zan yi lissafina kan rubu'in hekta, wato murabba'in mita 2,500, ɗan fiye da rabin eka, domin shi ne abin da magidanci da yaransa biyu za su iya riƙewa ba tare da aikin ya fi ƙarfinsu ba.

Maganar iri, tun watan Satumba

Tafarnuwa ba ta da irin da ake yafawa a reno kamar albasa. Ƙwayar da ake jefawa a miya ita ce dai irin. Wannan ne ya sa kuɗin iri ya fi kowane kuɗi nauyi a nomanta, kuma ya sa duk cutar da uwar take ɗauke da ita sai ta biyo 'ya'yan zuwa gonarka.

Idan kana da naka na bara a rataye, madalla. Idan saye za ka yi, kada ka jira Nuwamba, lokacin da kowa yake nema, farashi ya hau. Ka nema tun Satumba ko farkon Oktoba, kuma in da hali ka saya a hannun manomin da ka san gonarsa, ba a hannun wanda ya haɗa ta daga kasuwanni uku ba. Ɗauki kai ɗaya ka matsa shi a tafin hannu. In ya yi tauri kamar dutse, ɓawonsa a bushe, gindinsa babu baƙi-baƙi ko fumfuna, to ya yi. In yatsa ya nutse, ko ka ji shi sakayau kamar babu komai a ciki, ajiye shi. Ɓare biyu ko uku daga tsakiyar buhu, ba daga baki ba, ka duba cikin.

Akwai jarabar da take kama sababbin manoma, kuma gara in faɗe ta tun da wuri. Mutum zai ga farar tafarnuwar nan manya-manya da ake shigowa da ita daga Chana, ƙasar da ta fi kowace noman tafarnuwa a duniya, sai ya ce bari ya shuka ta ya fi kowa. Za ta iya tsirowa, ta yi ganye kore shar, amma yawanci ba ta ɗaura kai a wurinmu, domin ta saba da sanyi mai tsanani da tsawon yinin da ba mu da su. Tamu ta gida ƙanana ce, ƙwayoyinta da yawa, ɓare ta akwai cin rai, amma ta san ƙasar, ta fi yaji da ƙamshi, kuma tana jure ajiya. Ita za ka shuka.

Rubu'in hekta yana cin iri kilo 100 zuwa 150, gwargwadon girman ƙwayar da kuma yadda ka matse shukar.

Wuri da gyaran ƙasa

Tafarnuwa tana son ƙasa mai laushi wadda take shan ruwa ta sake shi, irin turɓayar bakin fadama da ta gauraya da ɗan yashi. Laka mai nauyi tana matse kan, ya fito a karkace, ranar tono kuma ka sha wahala. Jigawa zalla ba ta riƙe ruwa, sai man inji ya cinye ribar. Inda kanwa take fitowa fari-fari a saman ƙasa, ka bar shi. Kada kuma ka sa ta inda aka cire albasa ko tafarnuwa bara, domin danginsu ɗaya, cutarsu ɗaya, ƙwarinsu ɗaya. Bayan shinkafa, ko masara, ko gero, nan ne wurinta. Mu da muke shinkafar damina a fadama, da an yanke ta ƙasa ta tsane sai mu shiga.

A nan ne agogo yake fara bugawa. Shekarar da ruwa ya daɗe bai janye daga fadama ba, na tsaya jiran wurin da na saba, ban samu shuka ba sai cikin makon farko na Janairu. Kawuna, wanda a hannunsa na koyi aikin, ya zo ya tsaya a kan kunya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, bana ka shuka ganye." Na ce, "Kawu, ai zan ƙara mata taki." Bai ce komai ba. Da Maris ya zo da zafinsa, ganyen bai kai ya kawo ba ta fara ɗaura kai, abin da na tono da ƙyar ya ninka irin sau uku. Tun daga ranar, in wurin da nake so bai tsane ba zuwa farkon Nuwamba, nakan koma ɗan tudu in ƙara wa kaina wahalar jan ruwa, ba na jira.

Ka share wurin, ka kwashe kututturan shinkafa. Ka watsa takin gargajiya wanda ya ruɓe sosai, na shanu ko na awaki da tumaki, tun mako biyu ko uku kafin shuka. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kawo tsutsa, yana kuma zuwa da 'ya'yan ciyawa. A rubu'in hekta, tan biyu bai yi yawa ba. Sai a yi kaftu da garmar shanu ko da hannu, zurfin kamar taƙi ɗaya, a bi a farfasa hoge har ƙasa ta yi laushi. Kada ka yi ƙyuya a wannan. Ƙwayar da ta faɗa ƙarƙashin hoge ba za ta fito daidai ba.

Daga nan sai yanka fangali. Ni nakan yi mita 2 a faɗi, mita 3 a tsawo, domin mai cire ciyawa ya iya miƙa hannu daga kan kunya ba sai ya taka ciki ba. Ka ja babbar hanyar ruwa daga inda bakin tiyo zai zuba, ƙanana su ratsa tsakanin layukan fangali, kowane fangali ya samu ƙofarsa. Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne daidaita cikin fangalin. In gefe ɗaya ya fi tudu, nan zai bushe, kwarin kuma ruwa ya kwanta ya ruɓar da shuka. Hanya mai sauƙi ita ce ka sake ruwa sau ɗaya kafin shuka, ka tsaya ka ga inda ya taru da inda bai kai ba, in ya tsane ka gyara da fartanya. Wannan ruwan farko yana da wani amfanin: yana tsirar da ciyawar da ke kwance, ka kashe ta tun ba ka sa iri ba.

Ka kewaye gonar da ƙaya ko zana. Dabbobi ba su cika damuwa da cin tafarnuwa ba, amma garken shanu ɗaya in ya ratsa fangali mai danshi, kofato ya gama da ita.

Ɓare iri da shuka

Mafi kyawun lokaci shi ne daga farkon Nuwamba zuwa ƙarshensa, da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, dare ya fara sanyi. Farkon Disamba ana iya lallaɓawa. Bayan tsakiyarsa kuwa, caca ce.

Kada a ɓare irin sai ana gobe ko jibi za a shuka, domin ƙwayar da aka raba da uwarta tana saurin bushewa. Wannan aikin gida ne, na dare, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, mata da yara da tsofaffi kowa da faranti a gabansa, ana hira ana ɓarewa, gida ya ɗauki wari har makwabta su san gobe akwai shuka. A ɓare da hannu a hankali, a bar wa kowace ƙwaya rigarta. Wadda ta kwaile, ko ta ji rauni, ko ta yi tabo, a ware ta ta tafi madafa. A kasa sauran kashi biyu: manyan da suke zagayen waje, da 'yan siraran da suke tsakiya. Manyan su ne iri. Babbar ƙwaya ita take ba da babban kai, domin guzurin da tsiron zai fara rayuwa da shi yana cikinta. Siraran, in ba ka son asararsu, ka ba su fangalinsu daban, kada ka gauraya, don manyan za su danne su.

Ranar shuka ƙasa ta kasance da danshi, ba caɓi ba. A ja layi da tsinke ko da bakin lauje, tsakanin layi da layi santimita 15, tsakanin ƙwaya da ƙwaya santimita 10, wato kamar faɗin tafin hannu. Fangali mai mita 2 da mita 3 zai ɗauki ƙwaya wajen 400. A riƙe ƙwayar tsininta yana kallon sama, gindin da saiwa za ta fito yana ƙasa, a tura ta zurfin gaɓar yatsa ɗaya zuwa biyu, a rufe, a ɗan danna. In aka kifa ta, za ta fito, amma sai ta yi kwana a cikin ƙasa ta ɓata ƙarfinta, kan ya zo a murɗe. In ta yi zurfi da yawa, ta makara ko ta ruɓe. In ta tsaya a sama, ruwan farko ya tone ta.

Aiki ne na tsugunno, kuma rubu'in hekta ya haura ƙwaya dubu ɗari. Mutum ɗaya ba zai iya ba. Ko ka kira gayya, ko ka ɗauki 'yan ƙwadago, ka yi ƙoƙari a gama cikin kwana biyu ko uku don gonar ta tashi tare, ta nuna tare. In ka ɗauki yara, ka biya su da yini, kada ka biya da yawan fangali, in ba haka ba gaggawa za ta sa su riƙa cusawa ta kowace fuska. Ka kuma riƙa bin bayansu kana tona ɗaya-ɗaya kana dubawa.

Ana gamawa a ba da ruwa a hankali, kada a sake shi da ƙarfi. Cikin mako guda zuwa kwana goma za ka ga tsinin kore yana huda ƙasa. Inda ya yi giɓi, ka cike da sauran iri kafin mako na biyu ya fita.

Ban ruwa, wanda shi ne rayuwar kullum

Daga nan har wata huɗu, kai da gona kun zama ɗaya. Saiwar tafarnuwa ba ta nisa, a saman ƙasa take kiwo, saboda haka ba ta jure ƙishi, ba ta kuma jure kwanciyar ruwa. A ƙasa mai yashi-yashi, duk kwana uku ko huɗu. A mai ɗan nauyi, kwana biyar zuwa mako guda lokacin sanyi. Kada ka riƙe lissafin kwana kamar karatu. Tura yatsa cikin ƙasa, in ka ji danshi a gaɓa ta biyu ka ƙara mata kwana, in ta bushe ka tada inji. Idan iskar hunturu ta yi ƙarfi takan busar da saman ƙasa ta yaudare ka, alhali ƙasan da sauran laima.

Yinin mai tafarnuwa daga sallar asuba yake farawa. Ka ɗaura inji a bayan babur, ko ka ɗora wa jaki, domin barinsa a gona ya kwana ya zama tarihi. Ka isa, ka haɗa tiyo da rijiyar bututu ko ka jefa shi a gulbi, ka ɗura ruwa a famfon, ka ja igiya. Mutum ɗaya yana wajen inji, ɗaya yana bin ruwa da fartanya, ya buɗe ƙofar wannan fangali, ya cika, ya toshe, ya buɗe na gaba. Ruwan ya rufe ƙasa kamar kaurin yatsa biyu ya isa, kuma ya kamata ya shanye cikin ɗan lokaci. In ka dawo da la'asar ka tarar da shi kwance, ka yi yawa. Ruwan asuba a watan Janairu yana yanka ƙafa kamar reza, kuma a cikinsa za ka tsaya. Wajen ƙarfe goma yaro ya kawo kunu ko fura daga gida, a zauna a gindin bishiya a sha, a koma. Ban ruwan safe ya fi, don ganye ya bushe kafin dare.

Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, ban ruwa ya zama shi ne babban abin da yake cin aljihu bayan iri. Wasu sun mayar da injinsu na gas, masu hali sun koma na hasken rana. Kafin ka yanke girman gonarka, ka zauna ka ƙidaya: wata huɗu, ruwa duk kwana huɗu, kusan sau 30 ke nan. Ka san litar da injinka yake sha a kowane zuwa, ka ninka. In kuɗin ba zai kai ka Maris ba, rage gonar tun yanzu. Fangali ɗari da suka ƙoshi sun fi ɗari uku da aka bari da ƙishi a watan da suke ɗaura kai. Akwai kuma abin da ba a so a faɗa amma dole: a gabashin Sakkwato rashin tsaro ya sa akwai fadamun da ba a zuwa da duhu, ba a kuma zuwa mutum ɗaya. Ka zaɓi wurin da za ka iya zuwa kullum, domin wannan shuka ba ta yafe fashin mako biyu.

Ciyawa da taki

Ganyen tafarnuwa siriri ne, tsaye yake, ba ya yin inuwar da za ta danne komai. Ciyawa kuwa ga ruwa ga taki. In ka ba ta mako uku sai ka nemi shukarka ka rasa. Cirar farko tana zuwa wajen mako na uku, ta biyu wajen na shida, ta uku in ta kama. Da hannu ake yi, ko da ɗan ƙaramin ƙarfe mai siririn baki, washegarin ban ruwa lokacin da ƙasa take da taushi. Kada a sa babbar fartanya, tana yanke saiwa, tana kuma saran kan in ya fara fitowa. Aya-aya da kiri-kiri su ne manyan abokan gaba; in ka tsinke ganyen aya-aya ka bar ƙwallonta a ƙasa, jibi ta dawo. Masu gona babba sukan fesa maganin hana tsirar ciyawa irin su Pendimethalin bayan shuka kafin tsiro ya fito. Yana rage wahala, amma ka bi ma'aunin da ke jikin kwalbar, ka kuma tambayi malamin gona in ba ka taɓa yi ba.

Takin zamani, ga yadda nake yi a rubu'in hekta. Buhu biyu na kamfa, wato NPK 15:15:15, nakan zuba shi lokacin gyaran fangali ko cikin mako biyun farko. Sai rabin buhun yuriya, in raba shi biyu: kashi ɗaya bayan cirar ciyawa ta farko, ɗayan wajen mako na shida ko na bakwai. Kullum a cire ciyawa tukuna, a watsa taki ganye a bushe, a bi shi da ruwa nan take. Bayan wata biyu da shuka, ka rufe buhun yuriya ka ɗaure. Na san abin yana da wuya, don mutum yana ganin maƙwabcinsa yana ƙarawa gonarsa tana yin baƙi-ƙirin don kore. Amma yuriyar ƙarshe ganye take ƙarawa, ta kumbura wuya, ta jinkirta nuna, kuma irin wannan tafarnuwar ita take fara ruɓewa a ɗaki.

Ƙwari da cuta

Babban maƙiyinta ɗan mitsitsin ƙwaro ne da ido da ƙyar yake ganinsa, wanda yake ɓuya a can cikin matsatsin wuyan ganye yana tsotsa. Shi ne dai na albasa. Alamarsa ganye ya riƙa yin zane-zane fari kamar an watsa toka, bakinsa ya bushe ya lanƙwashe. Yana ƙaruwa ne idan zafi ya fara shigowa, daga Fabrairu. Kada ka jira sai ka hango daga nesa. Duk mako ka tsuguna, ka buɗa wuyan shuka goma a wurare daban-daban, ka duba. In ka ga suna yawo, lokacin feshi ya yi. Da farko-farko ruwan 'ya'yan dogon yaro da aka daka aka jiƙa ya kwana, aka tace, aka ɗan sa sabulu don ya kama ganye, yana taimakawa. In sun yi yawa sai maganin kanti. A fesa da sassafe ko da yamma, a nufi cikin wuyan, a rufe hanci da baki, a sa dogon hannu, kada a bar yara su riƙe famfon. Kada ka nace wa magani iri ɗaya kowane zuwa, suna sabawa da shi. A kuma daina feshi da sauran kwanaki kafin tono, gwargwadon abin da aka rubuta a kwalbar. Abin nan ciki zai shiga.

Akwai ciwon ganye da yake fara da ɗigo fari ya koma shunayya-shunayya, yana zuwa ne idan raɓa ta yi yawa ko an cika ruwa. Mancozeb yana tare shi in an yi da wuri. Wadda kuwa ka ga ta yi rawaya ta kwanta ita kaɗai, ka tuge ka ga gindinta ya ruɓe, fitar da ita daga gonar gaba ɗaya ka ƙone, kada ka jefar a hanyar ruwa.

Yanke ruwa da tono

Wajen wata na uku za ka ga gindi ya fara kumbura, ƙasa tana ɗan tsagewa a kewayensa. Wannan ne watan da ba a wasa da ruwa, kuma in ya haɗu da azumi, sai a koma ban ruwa da sanyin safiya bayan sahur. Tamu ta gida takan nuna cikin wata huɗu zuwa huɗu da rabi. Wanda ya shuka a tsakiyar Nuwamba, yana tono a tsakiyar Maris zuwa farkon Afrilu.

Ganyen ƙasa ne yake fara bushewa, abin ya riƙa hawa sama, wuya ya yi laushi. Idan ka ga kamar rabin ganyen ya bushe, tono uku ko huɗu ka yanka su a tsakiya. In ƙwayoyin sun rarrabu sarai, kowace da rigarta, sun cika ɓawon, to ta kai. Sai ka yanke ruwa, ka bar ta kwana goma zuwa mako biyu ƙasa ta tsane, ɓawo ya yi ƙwari. Kada ka ce bari ta bushe ƙurmus a cikin ƙasa. Kowane ganye da kake gani a sama, shi ne riga ɗaya a jikin kan. In duk suka mutu, rigunan sun ruɓe, kan ya buɗe, ƙwayoyi su watse a ƙasa, abin da ka samu kuma ba ya ajiyuwa, ba ya kuma daraja a idon mai saye.

Ranar tono a fito da sassafe. In ƙasa mai laushi ce, a kama wuya a tuge. In ta yi tauri, a soka ƙarfe daga gefe a ɗaga tukuna, kada a ja da ƙarfi ganye ya tsinke ya bar kan a ciki. A kakkaɓe ƙasar da hannu. Kada a buga kai da kai, kada a yi jifa da ita cikin tuli. Tafarnuwa tana da kamar tauri, amma duk inda ta bugu, nan za ta fara lalacewa bayan wata biyu. Wadda ƙarfe ya sara a ware ta, ita za a fara ci ko a fara sayarwa. Kuma ko kusa kada a wanke.

Shanya da ajiya

A jera ta a gona layi-layi, ganyen wannan layi ya rufe kawunan wancan, ta yi kwana biyu ko uku tana shan iska. Ranar Maris ba abin wasa ba ce. Kan da aka bari tsirara a cikinta yana dahuwa, ƙwayar ta yi laushi kamar an turara. Daga nan a ɗaure ta dami-dami, a kai gida, a shanya a inuwa mai iska, ƙarƙashin rumfa ko a rataye a jikin azara, mako biyu zuwa uku. Ta bushe idan wuya ya ƙanƙance ya rufe, ɓawon waje yana ƙara in an taɓa, saiwa tana karyewa. A wannan shanyar za ta rage nauyi sosai, kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kada ka ce an yi maka sata.

Wadda za ta kasuwa, a yanke ganyen a bar wuya kamar gaɓar yatsa, a aske saiwa, a murje ɓawon da ya yi datti, a kasa manya, matsakaita da ƙanana. Wadda za a ajiye, barinta da ganyenta a rataye ya fi. In ta yi yawa, a yi mata rudu irin na albasa: gado na itace da kara a ɗage shi daga ƙasa, a yi masa jinka, iska tana shiga ta ƙasa tana fita ta sama. Abin da ba ta so shi ne laima da rufaffen wuri. Buhun leda, ɗakin kwano marar taga, daɓen siminti, duk suna sa ta gumi. In buhu za a sa, a sa na raga ko na algarara, a ɗora kan katako. Da damina ta sauka, duk mako biyu ka shiga ka juya, ka shinshina, ka tsame duk wadda ta yi laushi ko ta fara tsiro.

Kasuwa

In Allah ya ba da sa'a, buhu ɗaya na iri yakan dawo da takwas zuwa goma. Sai dai lokacin da kake tono, kowa ma yana tono, kasuwa ta cika, dillalai su zo har bakin gona da kuɗi a hannu suna taya ta a wulaƙance, sun san akwai bashin mai da na taki a wuyanka. Motocin da suke lodi zuwa Kano, da Legas, da Onica, a lokacin suke cika da araha. Tafarnuwa kuwa ta fi albasa haƙurin ajiya nesa ba kusa ba, kuma farashinta yakan riƙa hawa tun daga tsakiyar damina har lokacin shuka, sa'ad da masu miya da masu neman iri suke haɗuwa a kan abin da ya rage. Shawarata, ka sayar da ƙananan da masu rauni da abin da zai biya bashi, ka riƙe sauran. Idan kuna da yawa a gari, ku haɗa kaya ku yi magana da baki ɗaya, ku kuma san farashin babbar kasuwa ta waya kafin dillali ya sauko daga babur. A daidaita kan girman buhu da yadda za a cika shi kafin a fara zubawa, don rigimar toliyar buhu ta raba mutane da yawa.

Amma kafin ka buɗe wa kowane mai saye ƙofa, ka shiga kai kaɗai ka zaɓi irin baɗi. Mafi manyan kawuna, masu tauri, masu rufaffen wuya, daga fangalin da bai yi ciwo ba. Ka auna abin da zai ishe ka, ka ƙara kashi ɗaya cikin biyar saboda abin da zai lalace kafin Nuwamba. Ka ɗaure su da ganyensu, ka rataye can sama inda hannun yara da na masu girki ba ya kaiwa, ka gaya wa uwargida cewa wannan ba na miya ba ne. Dillali zai hango su, su zai fara tayawa, kuma zai ba da kuɗin da bai ba sauran ba. Ka ce masa an riga an sayar wa gona.